Wayar nikel: tarihin siririn zaren da ke riƙe da manyan ƙarafan duniya

 

Watan jiya, cikin shirinmu na masu sana'ar hannu, wani bawan Allah mai injin niƙa ya bugo mana waya daga wani ƙauye na jihar Tawa, ransa a ɓace. Ya ce gangar jikin injinsa ce ta tsage. "Sau ukku munka kai ta wurin mai walda, sau ukku tana sake buɗewa. Kuma ba bisa ɗinkin take tsagewa ba, gefenshi take bi." Tambayarsa ita ce, mai waldar ne bai iya ba, ko ƙarfen ne ya mutu? Matan ƙauyen sun koma ga turmi da taɓarya, shi kuma bashi na ta hawa kansa.

Gaskiya ba mu da amsa a lokacin. Allah Ya taimake mu, wani dattijo da ya shekara fiye da talatin yana sudur a Damagaram ya shigo layi. Muka ce, "Baba, me kuka gani?" Ya ce, "Ku tambaye shi da wane baget aka yi aikin. Wannan ƙarfen zubi ne, wanda muke kira font. Ba ya karɓar baget ɗin ƙofa da taga. Nikel yake so." Mai injin ya ce ai an taɓa nuna masa irin wannan baget, da ya ji kuɗinsa sai ya ɗauka ana son a cuce shi ne.

Bayan shirin maganar ta ƙi barin mu. Me ke cikin nikel da har ɗan siririn ƙarfe zai ninka ɗan'uwansa kuɗi sau da yawa? Muka shiga karatu, muka tarar baget ɗin da Baba ya ambata ƙaramin ɗa ne cikin wani babban gida. Manyan gidan su ne wayoyin nikel da ake walda da su ƙarƙashin gaz, a matatun mai, da tashoshin lantarki, da injinan jiragen sama. Muka kuma tarar kusan kowane mataki na tarihinsu, sai da wani abu ya karye, wani lokaci har da asarar rayuka, kafin a koyi darasin. Shi ne muka ce bari mu kawo muku.

Abokiyar gaba ta farko, iska

Kakanninmu maƙera sun san haɗa ƙarfe da ƙarfe tun kafin zuwan Nasara. A sa guda biyu cikin wuta, yaro na kan zuga-zugi, sai sun yi fari suna tartsatsi, a ɗora bisa uwar maƙera a yi ta bugu da masaba har su zama ɗaya. Kowane maƙeri ya san in baƙin ɓawon nan da ke fitowa bisa ƙarfe mai zafi ya shiga tsakani, haɗin ba zai kama ba. Wannan ɓawo aikin iska ne. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 azot ce, kashi 21 oksijen, kuma narkakken ƙarfe na shan su duka biyun kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwan farko. Oksijen ta ƙone shi, azot ta sa masa gautsi, ya cika da ƴan ramuka a ciki.

Da lantarki ya zo, sai Turawa suka lura harshen wutar da ke tsalle tsakanin sanda da ƙarfe zafinsa ya wuce digiri 5,000, ya isa ya narkar da kowane ƙarfe. A 1881 wani Bafaranshe, Auguste de Méritens, ya haɗa farantan dalma na batir da wannan wuta. Wani ɗan Rasha da ya yi aiki a Paris, Nikolai Benardos, ya sami takardar mallakar fasahar a 1885, yana amfani da sandar gawayi. A 1888 wani ɗan ƙasarsu, Nikolai Slavyanov, ya maye gurbin gawayin da sandar ƙarfe, wadda ita kanta ke narkewa ta cike gurbin. Ita ce kakar baget ɗinmu, sai dai tsirara take, ba riga. Iska ta samu yadda take so, ɗinkin ya riƙa karyewa, injiniyoyi suka ƙi yarda da walda a manyan ayyuka, suka ci gaba da ƙusoshin ribet.

Wanda ya sa mata riga shi ne Oscar Kjellberg, injiniyan jiragen ruwa ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya kafa kamfanin ESAB a 1904, ya sami takardarsa a 1907. Ya tsoma sandar cikin wani kwaɓi na ma'adinai ya bar ta ta bushe. In wuta ta kama, rigar ta ƙone, ta ba da hayaƙin da ke korar iska, ta kuma bar ɓawo bisa ɗinkin har ya huce. Ɓawon nan da kuke gani yaran shago na ɓamɓarewa da ƴar guduma a bakin titi, dabarar Kjellberg ce, shekara fiye da ɗari ke nan.

Ƙarfen aljani

To, mu ajiye walda tukuna mu nemo nikel. Ku laluba aljihu ku ciro dala ashirin ko dala goma. Farin nan nasu da ba ya tsatsa duk da zufa da ruwan da suke sha, akwai hannun nikel a ciki.

Sunan nasa ma labari ne. Masu haƙar ma'adinai a duwatsun Jamus sun riƙa samun wani jan dutse mai kama da na jan ƙarfe. Su narka, ba jan ƙarfe, sai wani hayaƙi mai sa su ciwo. Suka ce wani aljanin rami mai suna Nickel ne ke yi musu wasa da hankali, suka raɗa wa dutsen Kupfernickel, wato jan ƙarfen aljani. Sai a 1751 wani masani ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya ciro wani sabon farin ƙarfe daga irin wannan dutse, ya bar masa rabin sunan.

Waɗanda suka yi lakwal tare da mu za su tuna darasin labarin ƙasa, inda ake haddace cewa Nubel Kaledoni na da nikel. Abin da ba a tsaya gaya mana ba shi ne yadda abin ya faru. Faransa ta kama tsibirin a 1853. A 1864 injiniya Jules Garnier ya gano koren dutsen nikel a can, a 1880 aka kafa kamfanin Le Nickel. An ƙwace filayen ƴan ƙasa, mutanen Kanak, waɗanda suka yi bore a 1878 ƙarƙashin shugabansu Ataï. Fursunoni da ƴan ƙwadago da aka kwaso daga Java da Tonkin da Japan su suka yi haƙar. Mu da muka san labarin Arlit, wannan ba baƙon labari ba ne gare mu.

A 1883 kuma, masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Kanada suka faɗa kan wani babban arziƙin nikel a Sudbury. Babbar kasuwar ta yaƙi ce, don an gano in an zuba ɗan nikel cikin ƙarfe, sulken jirgin ruwan yaƙi na jure harsashi ba tare da ya tarwatse ba. Da yaƙin duniya na farko ya ƙare a 1918, kasuwar ta faɗi warwas. Dole kamfanin International Nickel, wanda aka kafa a 1902, ya shiga neman wa nikel aikin zaman lafiya. Dama tun 1906 suna da wani gami mai suna Monel, kashi biyu cikin uku nikel, sauran jan ƙarfe, wanda ruwan teku ba ya ci. Wani Ba'amurke, Albert Marsh, ya riga ya haɗa nikel da kurom ya sami wayar da ke yin ja wur ba ta ƙonewa, ita ce har yau cikin dutsen guga da rishon lantarki. Cikin shekarun 1930 aka fito da dangin Inconel, nikel da kurom da ɗan baƙin ƙarfe. Lokacin yaƙin duniya na biyu, a Ingila, wani gamin nikel mai suna Nimonic ne ya sa injin jet na Frank Whittle ya iya jure zafin cikinsa.

Sai ga matsala. An sami ƙarafan da ba sa tsoron wuta, ba sa tsoron gishiri, amma da me za a ɗinke su? Ɗinkin da bai kai ƙarfen inganci ba, nan ne wurin da za ya fara ci.

Gaz malalaci

Amsar ta fito daga iskar kanta. A 1894 masana biyu na Birtaniya, Lord Rayleigh da William Ramsay, suka gano cikin iska akwai wani gaz, kusan kashi 1 cikin 100, wanda ba ya haɗuwa da komai. Suka sa masa suna argon, daga kalmar Girkanci mai nufin malalaci. Lalacin nan nasa shi ne amfaninsa. In ka lulluɓe narkakken ƙarfe da shi, ya tare oksijen da azot, shi kuma ba ya taɓa ƙarfen. Carl von Linde a Jamus da Georges Claude a Faransa, wanda ke cikin waɗanda suka kafa Air Liquide a 1902, su suka buɗe hanyar sanyaya iska har ta zama ruwa a rarrabe gaz ɗin da ke cikinta.

Cikin shekarun 1920 wasu ma'aikatan General Electric biyu, Hobart da Devers, sun gwada walda ƙarƙashin argon da heliyom, amma gaz na da tsada, aka ajiye maganar. Yaƙi ne ya sake tayar da ita. Kamfanin jiragen sama na Northrop a Kaliforniya na son ƙera jirgi da magneziyom, ƙarfe marar nauyi amma mai kamawa da wuta in ya ji zafi cikin iska. A 1941 injiniyansu Russell Meredith ya haɗa wata fitila mai tsinken tungusten, ƙarfen da ba ya narkewa sai ya wuce digiri 3,400, heliyom na fita kewaye da tsinken. Ita ce waldar da ake kira TIG a yau. Mai aiki na riƙe da fitila a hannu ɗaya, ɗaya hannun na ɗiga waya cikin narkakken wurin, a hankali kamar mai ɗinkin hula.

TIG na da tsabta amma ba ta sauri. A 1948, a cibiyar bincike ta Battelle da ke jihar Ohio, aka fito da wata dabara: a naɗe waya bisa ƙwarya, inji na turo ta ba tsayawa, ita ce ke ɗaukar wuta, ita ce ke narkewa, gaz na rufe ta. Wannan ita ce MIG. A 1953 wasu masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Lyubavskii da Novoshilov, suka nuna ana iya yin ta da gaz karbonik mai araha in baƙin ƙarfe ne. Amma nikel bai yarda da wannan arahar ba. Shi dai argon yake so, ko argon da heliyom.

Kun ga abin da ya canza. Baget na da riga, rigar na ɗauke da magunguna masu gyara ɗinki. Waya kuwa ta koma tsirara, gaz ne rigarta. Ke nan duk maganin dole ya kasance cikin jikin wayar tun daga masana'anta: ɗan titan da manganez don su kama ragowar oksijen, niyobiyom don ya rage tsagewa lokacin da ɗinki ke daskarewa. Shi ya sa waya mai kaurin milimita 1.2 ke zuwa da takarda mai lambar narki da lissafin duk abin da ke cikinta.

Darasin sanyi

Ranar 16 ga Janairu 1943, a tashar jiragen ruwa ta Portland a Amurka, wani sabon jirgin dakon mai mai suna Schenectady, yana tsaye a bakin gaɓa, ba hadari ba igiyar ruwa, ya rabe gida biyu da ƙara mai ƙarfi. Jiragen da aka yi da walda lokacin yaƙin da yawa sun tsage, wasu sun nutse. Kowa ya ɗora laifi kan masu walda. Wata masaniya ta jami'ar Cambridge, Constance Tipper, ta nuna ƙarfen kansa ne ke canza hali: in sanyi ya kai wani mizani, ƙarfen da ke lanƙwasa sai ya koma mai fashewa kamar kwalba.

Shekara ta gaba darasin ya zo da jini. A birnin Cleveland akwai tankunan ajiye gaz ɗin ƙasa da aka mai da ruwa, wanda sai a digiri 162 ƙasa da sifili yake zama haka. Ƙarfen tankunan nikel ɗinsa kashi 3.5 ne cikin 100. Ranar 20 ga Oktoba 1944 tanki guda ya fashe, gaz ya bi tituna da magudanan ruwa, ya kama wuta. Mutum fiye da 120 suka rasu. Sana'ar ta tsaya shekaru.

Nikel na da wata baiwa: sanyi ba ya sa masa gautsi, kuma in ya yi yawa cikin ƙarfe yana ba shi wannan hali. Sai aka fito da ƙarfe mai nikel kashi 9 cikin 100. Amma in ka ɗinke shi da waya irinsa, ɗinkin ba ya samun wannan juriya sai an gasa shi cikin tanda, kuma wa ke da tandar da za ta ɗauki tanki mai girman filin ƙwallo? Mafita ita ce waya mai nikel kashi 60 zuwa 70, wadda ɗinkinta ke jure sanyi yadda ya fito daga hannun mai walda. Da maƙwabciyarmu Aljeriya ta fara sayar da irin wannan gaz zuwa Turai daga Arzew a 1964, sabuwar kasuwa ta buɗe, kuma har yau yawancin manyan tankunan ajiye shi a doron ƙasa, cikinsu wannan ƙarfe ne, ɗinkinsu na nikel.

Mai shiga tsakani

Aiki na biyu da ya ɗaukaka wayar nikel shi ne sulhu tsakanin ƙarafan da ba sa ga maciji. A tashoshin lantarki masu tururi, wurin da zafi ya fi yawa bututun inoks ake sawa, inda zafi ya ragu a sa baƙin ƙarfe don ya fi araha. Dole a wani wuri su haɗu. Inoks na buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe da kashi 30 cikin 100 ko fiye. Kullum aka kunna aka kashe, ɗaya na ja, ɗaya na togewa. Ga shi kuma karbon na gudu daga baƙin ƙarfen zuwa cikin ɗinkin inoks, ya bar gefen da rauni. Haɗin da aka yi da wayar inoks ya riƙa yankewa bayan ƴan shekaru. Da aka koma wayar nikel, wadda buɗewarta ta fi kusa da ta baƙin ƙarfe kuma ba ta jan karbon, sai haɗin ya daɗe sosai.

Aiki na uku shi ne riga. Maimakon a ƙera bututu gaba ɗaya da gami mai tsada, sai a yi shi da baƙin ƙarfe a shafe cikinsa da ɗinkin nikel mai kaurin ƴan milimita. Haka ake yi wa kayan rijiyoyin mai na cikin teku, da wuraren da asid ke bi.

Masu sana'a, ga sunayen da za ku gani bisa kwali. Ƙungiyar masu walda ta Amurka, wadda aka kafa a 1919, ta jera su cikin ƙa'idarta A5.14, ta duniya kuwa ita ce ISO 18274. ERNiCr-3, wadda aka fi sani da 82, nikel ce da kurom kusan kashi 20, ita ce ta haɗa inoks da baƙin ƙarfe. ERNiCrMo-3, wato 625, an ƙara mata molibden kusan kashi 9, don gishiri da asid da sanyi. ERNiCu-7 ta Monel ce. Ta MIG na zuwa bisa ƙwarya, yawanci kilo 15, ta TIG kuwa sanduna ne masu tsawon mita guda.

Ita ma ta taɓa ba da kunya

Kada mu ɗauka an gama koyo. Lokacin da ake gina tashoshin nukiliya a shekarun 1960 da 1970, an yarda da gamin Inconel 600 da ɗinkin 82 da 182 ido rufe. A 1991, a tashar Bugey kusa da Lyon, ɗaya daga cikin tashoshin Faransa, ƙasar da ta daɗe tana sayen uraniyom ɗinmu, ana gwajin matsin ruwa sai aka ga yoyo a murfin tukunyar. Ruwa mai zafin sama da digiri 300, da matsi, da shekaru, sun tsaga gamin a hankali. A 2000, a tashar V.C. Summer ta Amurka, tsagar cikin ɗinkin kansa aka same ta. A 2002, a Davis-Besse, ruwa mai asid da ya riƙa ɗiga ta irin wannan tsaga ya cinye baƙin ƙarfe mai kaurin kusan santimita 15, abin da ya rage tsakanin jama'a da bala'i shi ne ƴar rigar inoks da ba ta kai santimita guda ba. Aka koma sabon gami, 690, da sabuwar waya, 52, masu kurom kusan kashi 30. Faransa ta canza murafun tukwane da dama. Kuɗi mai yawa, amma gara kuɗi da rai.

Batun tsada kuwa, kasuwar duniya ce ke yanka ta. Kusan kashi biyu cikin uku na nikel na tafiya ne ga yin inoks, ga masu batirin motocin lantarki sun shigo layi. Ranar 8 ga Maris 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, tan guda ya haura dalar Amurka 100,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka rufe cinikin. A yau fiye da rabin nikel ɗin da ake haƙowa daga Indunusiya yake, ƙasar da ta hana fitar da ɗanyen dutsen tun Janairu 2020, ta ce duk mai so ya zo ya narka a gida.

Mu dawo gida

Yanzu mun fahimci maganar Baba. Font na da karbon kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ninkin na ƙarfen ƙofa sau goma ko fiye. In ka ɗinke shi da baget na yau da kullum, karbon ya shiga ɗinkin, ya huce da sauri, wurin ya yi tauri da gautsi. Ɗinki na tsukewa in yana hucewa, font ba ya miƙewa, sai gefen ya yage. Abin da mai injin ya gani ke nan sau uku. Nikel kuwa ba ya ƙulla tauri da karbon, ɗinkinsa na zama da laushi, shi ke miƙewa a madadin font. Masu sana'a sun ƙara da cewa a huda ƙarshen tsagar biyu don kada ta ci gaba, a goge ta, a yi ɗinki gajere gajere na santimita 2 ko 3, a ɗan bubbuga kowane da guduma tun yana da zafi, in an gama a binne cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali.

Ga waɗanda suka fara sayen injin TIG don aikin inoks a Yamai da Maraɗi, tarihin nan na da gargaɗi. Iskar hunturu na kwashe argon daga bakin fitila, sai a kare wurin. Nikel ba ya shiri da farar wuta da dalma, kuma suna ɓoye cikin bakin mai, da giris, da fenti, ɗan kaɗan ya isa ya tsaga ɗinki. Burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya taɓa shi. Narkakken nikel na da nauyin jiki, ba ya gudu ba ya nutsewa, ƙara wuta ba ya gyara shi, sai dai a buɗe bakin haɗin. Argon ya fi iska nauyi, ba ya wari, yana taruwa cikin tanki ya kashe mutum shiru. Hayaƙin walda kuwa, tun 2017 hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Iyaye da masu shago, yaron da ke walda da baƙin tabarau na kasuwa, amana ce a hannunku.

Sai babbar maganar. Muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. Muna da SONICHAR a Anu Araren, da masana'antun uraniyom da ke aiki da asid, da bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Dogon bututun kansa baƙin ƙarfe ne, amma matata da tashar lantarki da wurin asid, irin wuraren da ake haɗuwa da inoks da gamin nikel ke nan. A irin waɗannan wurare ba a ba mutum ɗinki don an ce hannunsa na da kyau. Sai ya yi jarrabawa: ya ɗinke guntun bututu gaban mai duba, a haska shi da rediyo kamar ƙashin da ya karye, a lanƙwasa shi a gani ko zai buɗe. Ƙa'idar ISO 9606 ke nan, kuma nikel na da nasa kashi, na huɗu.

Matasanmu na da hannu. Wanda ya ga yadda ake tayar da mataccen kamyo a garajojin Maraɗi ba zai yi musu ba. Abin da ya rage shi ne argon, da waya, da malamin da ya san dalilin kowane mataki, da takardar da kamfani zai yarda da ita. Muna da Lise Teknik ta Maraɗi, da EMIG a Yamai, da asusun FAFPA na koyar da sana'a. Roƙonmu ga hukumomi da kamfanonin da ke cin arziƙin ƙasar nan shi ne a haɗa hannu a samar da wuraren wannan jarrabawa kusa da matasa, tun kafin babban aiki na gaba ya zo ya tarar da mu muna kallo. Wasu sun biya kuɗin wannan ilimi da jiragen da suka rabe da unguwar da ta ƙone. Mu karatu kawai ya rage mana.

Mai injin niƙa ya sake bugowa shekaranjiya. Ya ce ya ciji yatsa ya sayi baget ɗin nikel, mai waldar nan dai nasa na da shi ya yi aikin, bisa yadda Baba ya faɗa, suka binne gangar cikin toka ta kwana. Yau kwana ashirin inji na niƙa. Ya ce mu gai da Baba, kuma ya je ya ba mai waldar haƙuri kan maganganun da ya gaya masa.

Baba na Damagaram, in wannan rubutu ya iso gare ku, mun gode, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Masu walda na Maraɗi, Tawa, Ƙonni, Tasawa da Yamai, Allah Ya tsare idanunku, Ya sa albarka cikin sana'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.